Maharazu Mai Wankin Hula da Ƙwayar Maiƙon Jini

A Koki, idan ka bar titi ka shiga lungun da ya bi ta bayan masallacin unguwa, kafin ka ga Maharazu sai ka ga hulunansa. Suna jere a rana, kowacce an kifa ta a kan gungumen icce, sahu-sahu, kamar taron dattawan da aka binne har wuya ana jiran su yanke shawara. Akwai ƙube, akwai damanga, akwai zanna-bukar mai tsadar da ke hana mai ita sunkuyawa. Shekara talatin da biyu yana wannan sana'a: ya jiƙa, ya dirje da buroshi, ya ɗauraye, ya sa sitaci, ya ɗora a icce, in ta sha iska ya bi ta da bugu har ta yi sheƙi. Ya san girman kan kowane magidanci daga Koki har Zaitawa. Ya san wanda gashinsa ya fara zubewa tun matarsa ba ta lura ba, ya san mai shafa baƙin rini yana gaya wa mutane wai su a gidansu ba a furfura. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya rufa wa kawunan mutane asiri, su ma suka rufa masa nasa.

Nasa asirin kuwa irin wanda kowa ya sani ne. Maharazu ba shi da ɗa. Ya auri Bahijja yana da shekara ashirin da tara, suka zauna shekara tara ko ɓari ba a yi ba, aka rabu a kan cewa ba ta haihuwa. Ta auri wani direba a Goron Dutse, ta haifi shida, har da tagwaye. Unguwa ta kalli wannan al'amari da idon basira, ta ce ikon Allah, wato canjin ruwan sha ya karɓe ta. Domin a wajenmu namiji ba ya rasa haihuwa. Ko dai lokaci bai yi ba, ko kuwa matar ce.

Bayan shekara biyu ya auri Sa'adiyya, 'yar gidan Barebarin Zaitawa, mai haɗa turaren wuta da humra tana sayarwa. In ka wuce ta ƙofar gidansu da hantsi, ƙamshi yakan biyo ka har bakin titi kamar mai son ya gaya maka wata magana. Gidan da ya fi ko'ina ƙamshi a lungun, kuma bakin da ya fi kowanne ɗaci, domin shekara goma sha ɗaya Sa'adiyya tana shan magani. Mai kawo shi Gwaggo 'Yardada ce, ƙanwar mahaifin Maharazu, wadda ta raine shi bayan rasuwar uwarsa. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga ta da galan cike da jiƙon saiwoyi, ta zauna a kan tabarma, ta tsare yarinya da ido har sai ta ga moɗa ta farko ta wuce maƙogwaro.

Sau uku Sa'adiyya tana zuwa asibiti. An ɗebi jininta, an yi mata hoto, an duba abin da ake dubawa. Sau uku ana ce mata ba a ga komai ba, ta zo da maigidan. Sau uku maigidan yana da aikin hulunan salla, ko da kuwa saura wata biyar salla.

Ta daɗe da daina roƙon abubuwa da yawa. Abu ɗaya ya rage mata: a cire sunanta daga bakin mata. Ta gaji da zama wadda ake rage murya in ta shigo, wadda kowace tsohuwa take da lambar wani mai magani dominta. Kuma mutum ɗaya ne zai iya cire sunan, shi ne wanda yake can ƙofar gida yana bugun hula.

Mu bakwai ne muke ciyayya a ƙofar gidan Alhaji Ɗalha, tsohon mai sayar da yadi, wanda ya fi mu shekaru da girman kai, ina nufin ainihin kan, domin gungumen hularsa shi ne mafi girma a wajen Maharazu. Bayan sallar magariba kowa a fito masa da kwanonsa, a haɗa a tsakiyar tabarma, a ci tare. Ƙa'ida ɗaya ce ba a karyawa: ba a mayar da kwano ba a taɓa shi ba. Ko miya ta kama, ko gishiri ya zarce, sai kowa ya sa hannu, domin kwanon da ya koma cike zagi ne ga matar gidan. Kowannenmu 'ya'yansa ne suke kawo nasa. Maharazu shi yake ɗauko nasa da kansa, hannu bibbiyu, yana tafe a hankali kada miya ta zube. Mun saba da ganin haka har muka daina gani.

Kwanon Sa'adiyya kuwa shi ake fara buɗewa. Miyarta takan zo da man shanu yana yawo a kai kamar hasken la'asar a kan kududdufi, ga tantaƙwashi, ga kitsen da Maharazu yake tsamowa ya ajiye a gefe ya ci a ƙarshe, idonsa a lumshe.

Bara cikin bazara ya ɗauki huluna zai kai wa wani a Goron Dutse. A tsakiyar hawa ya ji kamar an ɗora masa turmi a ƙirji. Ya zauna a bakin hanya da ledar huluna a cinya, gumi yana zuba, har wani mai adaidaita ya tsaya ya kai shi asibiti. Likitar da ta gan shi, Dokta Khadijat, sa'ar 'yar da bai haifa ba ce. Ta ce zuciyar ta yi gargaɗi ne kawai a wannan karon. Ta ce maiƙo ya yi yawa a jininsa, yana liƙewa a hanyoyin jini kamar yadda man shanu yake daskarewa a wuyan kwalba, sunansa kolestarol. Ta rubuta masa ƙwaya guda, kullum da yamma, ta kuma raba shi da kitse da man shanu kamar alƙalin da bai san tausayi ba.

Ranar da kwanon ya fara zuwa ba mai, Alhaji Ɗalha ya buɗe, ya leƙa, ya sake leƙawa.

“Maharazu, wannan miyar wankan gawa aka yi mata? Ina man?”

“Likita ta hana, Alhaji.”

“Ta hana? Mace ce?”

“Mace ce.”

“To, Allah ya kyauta. Da can mata biyu ne suke juya ka, matarka da Gwaggo, yanzu sun zama uku.”

Aka yi dariya. Maharazu ya zaro katin ƙwayar daga aljihu don ya kare kansa. Muttaka ya karɓa. Muttaka kayan babur yake sayarwa, amma tun da ya sayi babbar waya ya zama likitan unguwa, lauyanta, kuma mai sanar da ita ranar da duniya za ta tashi. Ya juya katin, ya matso da shi kusa da hasken wayar, fuskarsa ta sauya.

“Innalillahi. Wannan ce? Malam Maharazu, wannan ka yarda aka ba ka?”

“Mene ne?”

“Tsaya ka ji da kunnenka.”

Ya kunna mana wani saƙon murya. Wani mutum ne ba suna ba gari, yana magana da sauri kamar ana bin sa. Ya ce maganin rage maiƙon jini yana tsotse ƙarfin namiji, yana tsinka masa ruwa, yana kashe ƙwayoyin haihuwa. Ya ce da maiƙon ake gina mazantaka, wanda ya rage maka shi ya rage maka zuriya. Ya rufe da cewa duk wanda bai tura wa mutum goma ba, alhaki yana wuyansa.

Sai Alhaji Ɗalha ya gyaɗa wannan babban kan nasa, ya ce, “Ashe. Shi ya sa.”

“Shi ya sa,” in ji wani.

“Allah sarki, Maharazu. Ashe cutar ka aka yi.”

A kan tabarmar nan akwai mutum biyu da ake kira in za a yi rabon gado, masu iya fitar da tumunin takaba daga gida da gona da akuya uku ba tare da sun taɓa alƙalami ba. Akwai ɗan kasuwar da ya san kuɗin yadi dubu a ka. Amma a cikinmu ba a sami wanda ya iya ɗebe kwana tara daga shekara ashirin ba. Kwana tara ke nan da fara shan ƙwayar. Ta koma baya ta hana Bahijja ciki tun likitar tana firamare. Muka amince da haka baki ɗaya, muka ci tuwo.

Na dubi Maharazu a daren. Na ga wani abu yana buɗewa a fuskarsa a hankali, kamar hular da aka jiƙa tana sakin datti. Shekara ashirin yana ɗauke da tambayar da ba a yi masa ba, ga shi an ba shi amsarta kyauta, a kan kati, da rubutun Turanci.

Daga nan ya zama wani mutum. Tafiyarsa ta miƙe. Yakan ajiye katin ƙwayar a aljihun gaba yadda bakinsa zai ɗan leƙo. In mai kawo hula ya tambayi lafiya, sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, “To, ana ta fama. An ce in zaɓa, ko rai ko zuriya.” Ba wanda ya ce masa haka, amma maganar ta yi daɗin faɗa, kuma masu ji sukan dafa kafaɗarsa. Ban taɓa ganin majinyacin da ya riƙi magani da amana kamarsa ba. Ko ruwa ake da ƙanƙara sai ya je ya sayo kafin na hannunsa ya ƙare. Mutum ba ya wasa da shaidarsa.

Kai ka ce yanzu Sa'adiyya ta huta, tunda an kama mai laifi. Sai dai ba ka san Gwaggo ba. Da labari ya kai mata, ta fara cewa ya watsar da ƙwayar. Ya ce likita ta ce in ya bari zai faɗi ya mutu. Gwaggo ta yi tunani, ta fito da hukunci mai tsabta: tunda an rage masa ƙarfi, sai a ninka na matar, don a cike giɓin. Juma'ar da ta biyo ta zo da galan biyu. A wajen mata kuwa magana ba ta sauya ba. Suka ce ai ko kafin maganin ba ta haihu ba. Su mata sun iya lissafi, sai dai a kan mace suke yin sa.

Wata takwas ana haka. Ranar da zai koma ganin likita, ya fito ya tarar da Sa'adiyya a zaure ta sa hijabi.

“Ina zuwa?”

“Rakiya zan yi maka, Malam.”

“Yaro ne ni?”

“A'a. Ciwon zuciya ne da kai, kar ka faɗi a hanya.”

Shi da kansa ya ba ni labarin abin da ya faru a ɗakin likita, daga baya, lokacin da ya iya ba da shi. Ya ce an auna shi, an ce maiƙon ya sauka, an yaba masa. Har ya ɗauki hularsa zai miƙe, sai ya ji muryar matarsa.

“Likita, tambaya gare ni. Wannan maganin yana hana namiji haihuwa?”

Dokta Khadijat ta ajiye biro. “An yi bincike a kai, Hajiya, amma masu binciken ba su tsaya a kan magana ɗaya ba. Wasu sun ga yana ɗan rage sinadarin maza kaɗan. Wasu sun ga ɗan sauyi a maniyyi, wasu ba su ga komai ba. Akwai ma mazan da in hanyoyin jininsu suka gyaru, sai lamarinsu ya ƙara kyau. A kan mijinki dai ba zan ce komai ba sai an gwada shi. Wata takwas ke nan yana sha, ko? Ku kuma yaushe kuka yi aure?”

“Shekara goma sha ɗaya.”

“Kin taɓa samun ciki?”

“Ban taɓa ba. An duba ni sau uku.”

Likitar ta juyo. “Baba, an taɓa yi maka gwajin maniyyi?”

Maharazu ya ce a lokacin ya gano cewa fankar ɗakin tana da fiffike uku, ɗaya ya ɗan lanƙwashe. Ya ce bai taɓa kallon fanka da natsuwa irin ta ranar ba.

Ta rubuta takarda ta miƙa masa. Ta ce in sakamako ya nuna akwai dalilin zargin ƙwayar, za a zauna a duba ko a sauya masa wata, amma kada ya kuskura ya daina sha da kansa. Ya karɓa da yatsa biyu kamar an miƙo masa kunama.

Suka hau adaidaita suka dawo. Da suka shiga gida ya juyo ya dube ta.

“Kin kunyata ni a gaban 'yar cikina.”

“Malam, ni an kwantar da ni a gaban maza masu farar riga har sau uku. Ban dawo na ce ka kunyata ni ba.”

“To ai an san dalili yanzu. Kowa ya sani.”

“Su Alhaji Ɗalha sun sani. Ni ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba.”

Ya fita. Ya ninke takardar sau huɗu, ya tura ta ƙarƙashin gungumen hular Alhaji Ɗalha, inda ya tabbata ko iska ba za ta ɗaga ba. Ta yi mako shida a nan. In Sa'adiyya ta tambaya, sai ya ce aiki ya yi yawa, ana ta bukukuwa.

Wata Asabar ya fito da kwano kamar kullum, ya ajiye a tsakiya. Alhaji Ɗalha ya buɗe na tuwo, tuwon shinkafa ne fari sol, an mulmula shi da kyau. Ya buɗe na miya. Wani baƙin ruwa ne, da ɓawon icce yana yawo a kai, yana tashin wari kamar an jiƙa tsohon takalmi a rijiya.

“Wannan kuma wace miya ce? Ita ma likitar ce ta rubuta?”

Maharazu ya leƙa. “Ba miya ba ce. Jiƙon Gwaggo ne. Wanda take sha.”

“Kuskure ta yi?”

“Sa'adiyya ba ta kuskure a kwano.”

Muka dubi juna. Ga ƙa'ida a zaune a tsakaninmu, ba a mayar da kwano ba a taɓa ba. Alhaji Ɗalha shi ya kafa ta, shi yake tsare ta, ya taɓa tilasta mana cin wata miyar kuka da ƙananzir ya zuba a ciki. Ya yi bisimilla, ya ɗaga kwanon, ya kurɓa. Na ga idanunsa sun kawo ruwa, gemunsa yana rawa.

“La'ilaha illallahu. Wannan ko jaki ka ba sai ya kai ka ƙara wajen mai unguwa.”

Kwano ya zagaya. Ni da na kurɓa sai na ji ɗacin ya bi ta haƙora ya hau har cikin kunne, ya zauna a can kamar baƙon da bai da niyyar tafiya. Muttaka ya tofar, ya goge baki, ya fara cewa ai masana sun tabbatar duk abu mai ɗaci yana wanke hanta.

“To ƙara,” in ji Alhaji Ɗalha. “Ƙara mana, likita, hantarka ta fita tas.”

Muttaka bai ƙara ba.

Kwanon ya iso gaban Maharazu a ƙarshe. Sai a lokacin muka fahimci abin da shi ma sai a lokacin ya fahimta: shekara goma sha ɗaya ana shan abin nan a gidansa, bai taɓa ɗanɗanawa ba. Ya kurɓa. Bai tofar ba. Ya haɗiye, ya sake kurɓa, kamar mai son ya tabbatar.

“Sau nawa take sha?” Alhaji Ɗalha ya tambaya.

“Safe da yamma. Yanzu moɗa bibbiyu.”

Muka ci tuwon da miyar wasu gidaje. Maharazu ya haɗa kwanukansa ya tafi tun ba a watse ba.

Ranar Litinin bai shanya hula ba. Ya ɗaga gungumen, ya ɗauki takardar, ya tafi wani ɗakin gwaji can bayan gari, nesa da ganuwa, inda ya tabbata ba wanda ya taɓa kawo masa wanki. Ya sa takunkumin fuska, ya zauna a kusurwa, ya yi magana da ma'aikacin wurin da raɗa. Ma'aikacin ya gyaɗa kai cikin fahimta. Bayan minti goma ya leƙo ta taga, a gaban mutum kusan ashirin, ya ɗaga wata 'yar kwalba sama ya ce, “Maharazu Koki! Mai gwajin maniyyi!” Maharazu ya ce ya tashi ya tafi wajen tagar nan kamar mai tafiya karɓar takardar mutuwarsa, kuma wata tsohuwa ta matsa masa hanya tana cewa Allah ya ba da sa'a, ɗana.

Sau biyu aka yi gwajin, da makonni a tsakani. Sannan suka koma wajen Dokta Khadijat su biyu. Ta karanta takardun ta daɗe. Ta ce ƙwayoyin haihuwar sun yi ƙaranci ƙwarai, irin ƙarancin da ba ta tsammanin wata goma na shan magani zai kawo. Ta tambaye shi ko ya taɓa yin hangum bayan ya balaga.

“Na yi. Ina ɗan shekara goma sha tara.”

“Kumburin ya tsaya a wuya, ko ya sauka ƙasa?”

“Ya sauka. Duka biyun. Na yi mako biyu ban iya tafiya ba.”

“Ba zan rantse maka cewa shi ne ba, Baba. Amma abin nan tsoho ne, ya girmi ƙwayar nan da shekaru masu yawa. Ka ci gaba da shan maganinka. Zan tura ka wajen likitan maza, akwai abubuwan da ake gwadawa, sai dai ba na yi maka alkawari.”

Ya ce ya so Sa'adiyya ta yi masa gori, ko ta yi kuka, ya sami abin da zai riƙe. Sai kawai ta karɓi takardun ta sa a jakarta, a hanya kuma ta tsaya ta sayi lemon zaƙi ta ɓare masa.

Ranar Juma'a Gwaggo ta shigo da sallama da galan biyu. Ta tarar da shi zaune a tsakar gida, abin da bai saba ba.

“Kai kuma lafiya? Ina 'yar nan? Kawo moɗa.”

“Gwaggo, ajiye tukuna. An gwada ni. Ni ne.”

“Kai ne me?”

“Matsalar a jikina take. Ba ita ba ce. Bahijja ma ba ita ba ce.”

“Ƙarya likita take yi. Kakanka 'ya'ya ashirin da biyu ya bari. Wannan ƙwayar ce, kowa ya faɗa.”

“Kin tuna hangum ɗin da na yi a ɗakin zaure? Da kika ce wa mutane zazzaɓi ne?”

Gwaggo ta zauna a kan turmi.

“Ni na yi jinyarka.”

“Ke kika yi.”

“To ai ban sani ba.”

“Ba wanda ya ce kin sani.”

“Wa ka faɗa wa?”

“Ke. In an jima kuma su Alhaji.”

“Kar ka kuskura. Namiji ba ya faɗin wannan.”

Ya faɗa. Bayan magariba, kafin a buɗe kwano, ya faɗa mana a taƙaice, idonsa a kan tabarma. Mu kuma, abokansa na shekara da shekaru, muka yi masa abin da ya dace da abokai: muka ƙi karɓa. Muttaka ya ce ai likita ba za ta taɓa yarda maganinta ne ba, duk bakinsu ɗaya. Wani ya ce na'urorin gwajin nan in ba wuta sosai sukan yi ƙarya. Alhaji Ɗalha ya ce, “Ci tuwo, Maharazu, kar ya huce.” Gaskiya irin wannan in ka bari ta zauna a tabarma, gobe sai ta waiwaya ta dubi na kusa, kuma a cikinmu akwai wanda ƙaninsa ya shekara bakwai da aure shiru, akwai wanda ya taɓa sakin mace a kan irin wannan. Har yau in ka tambayi mazan lungun, za su ce maka maganin maiƙo ne ya cuci Maharazu. Shi ya daina faɗa, mu muka ci gaba da riƙe masa.

Ta wajenmu dai Sa'adiyya ba ta sami komai ba. Ba mu ne muke riƙe da sunanta ba ma tun farko.

Mako uku bayan haka aka yi suna a gidan Sadiƙ, ƙanin Alhaji Ɗalha. Abin da ya faru a cikin gida uwargidana ce ta ba ni labari, tana wurin. Mata sun cika tsakar gida, ana rabon waina. Sa'adiyya tana gefe. Wata dattijuwa ta matso kusa da ita, da irin muryar nan ta raɗa wadda ake ji har soro, ta ce akwai wani mai magani a wani ƙauye bayan Wudil, wata ma da ta shekara goma sha biyar, zuwa ɗaya ta yi. Wata ta ce a'a, a fara da wankin mahaifa dai. Ta uku ta fara laluben lamba a waya.

Gwaggo 'Yardada tana zaune a kan kujera 'yar tsugune da kwanon waina a cinya. Ba ta ɗaga murya ba.

“Ku ƙyale yarinyar nan. Lafiyarta ƙalau.”

“Gwaggo, ai taimako ne.”

“Na ce lafiyarta ƙalau. An auna. Ɗana ne. Ciwo ya yi yana saurayi, a hannuna. Wadda take da magani ta kai masa, yana ƙofar gida yana wankin hula.”

Uwargidana ta ce har mai tuya ta tsaya da cokali a hannu. Gwaggo ta ci gaba da cin wainarta, tana taunawa a hankali, hawaye yana bin kumatunta ba ta share ba. Can sai ta ce a miƙo wa Sa'adiyya jaririn ta gani, ai tun ɗazu kowa yake ɗauka ana tsallake ta. Aka miƙa mata. Ta riƙe shi har ya yi barci, ta zauna har aka watse.

Da ta dawo, Maharazu yana kwashe huluna kafin la'asar ta yi sanyi. Ya tambaye ta yadda aka yi taro.

“An yi lafiya. Gwaggo ta yi magana.”

“Me ta ce?”

“Ta ce kai ne.”

Ya tsaya da hula a hannu. “A gaban mata nawa?”

“Za su kai sittin.”

“To,” in ji shi. “Kafin gobe ya isa Zaitawa ke nan.”

“Ya riga ya isa, Malam. Yayata tana wurin.”